TUN RAN GINI, RAN ZANE

Maganar da mu ke so mu sa a gabanku a wannan fitowa ita ce ta koya wa yara zane da 'yan ayyukan hannu. Mun sani wani da ya ji haka zai yi murmushi, ya ce ana fama da kuɗin littattafai da zaman banza na samari, wa ke ta zane? Wani kuma zai ɗaure fuska, ya ce ai abin nan haramun ne. To, mu dai ra'ayinmu shi ne, ya kamata ko wace makarantar allo da ko wace Islamiyya, tun daga tsohon Zangon Kumasi har Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ta keɓe sa'a guda a ko wane mako domin yara su yi zane. Ga dalilanmu nan, ku auna su da kanku.

Bari mu fara da yadda abin ya ke a gidajenmu yau. Yaro ya tsinci gawayi a murhu, ya zana mota a jikin bango, kowa ya san abin da zai biyo baya: tsawa, ko dundu, ko bulala. Yarinya ta yi fure a bayan littafinta, sai a ce ta yi ɓarnar takarda. Hana yaro ɓata bango daidai ne, ba mu da ja a kan wannan. Amma fa in an hana shi bango, ina aka nuna masa ya koma? Babu. Saboda haka abin da yaro ya ke koya shi ne, wannan ƙaiƙayin da ya ke ji a yatsunsa laifi ne, sai ya danne shi. Kafin ya shekara goma ya daina, in ka miƙa masa fensir sai ya ce, "Ni ban iya ba." Ga maƙwabtanmu Tonawa kuwa, ɗan Ntonso ya na tashi ya ga ubansa na buga hatimin adinkira a kan zane, ɗan Bonwire ya na wasa a gindin masaƙar kente, ɗan Ahwiaa ya na tattara ɓarɓashin sassaƙa. Ba wanda ke korarsu. Garuruwan nan uku duk ba su da nisa da mu, kuma har gobe baƙi na zuwa daga ƙasashen Turai su sayi aikin hannunsu.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka mu ba mu gaji komai ba ta wannan fanni. Ko kusa! Kakanninmu da su ka biyo hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ka yi fataucin goro a Salaga, sa'an nan su ka watsu zuwa Karaki da Yeji da Kumasi bayan basasar 1892, ba jakuna da kanwa kaɗai su ka zo da su ba. Sun zo da aikin hannu iri iri, kuma kusan ko wanne da zane ya ke farawa.

Ku tuna da allon zayyana. Ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani, a kan kawo allo wanda aka ƙawata da ja da rawaya da kore, gida gida, layi layi, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, yaro ya riƙe ya karanta a gaban jama'a. Wa ya ke yin wannan ado? Malami ne, ko gardi mai kyawun hannu. Ku buɗe tsohon Alƙur'anin hannu da ke cikin gafaka a gidajen malamanmu, ku duba: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, ga kuma 'yan da'irori masu ado a gefen shafi, su na nuna izu da rubu'i da sumuni. Ku dubi babbar riga, aska biyu ko aska takwas. Kafin maɗinki ya soka allura, sai wani ya zana siffar duka a jikin yadin da alƙalami da tawada, galibi kuwa malami ne mai yin haka. Haka dukawa su ke zana fata kafin su yanka, haka mai sassaƙar ƙwarya, haka mai ɗinkin hula, haka tsohuwar da ke yi wa amarya lalle. A gine-gine kuwa, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1830 da 'yan kai, masana gini sun yi shekaru su na zuwa kallon bakansa da zanen da ke jikin ginshiƙansa. Daga wurin magina irinsa mu ka sami karin maganar nan, tun ran gini, ran zane, watau a kan yi wa bango ado tun laka na ɗanya, domin in ta bushe ba ta karɓa.

To, mu tambayi kanmu. A unguwarku mutum nawa ne ya rage wanda zai iya zayyana allo da hannunsa? A cikinsu nawa ne bai kai shekara arba'in ba? Huluna sai an yi mana odarsu daga Kano da Maiduguri. Aikin riga ya koma na inji. Ran da tsofaffin nan su ka kau, wa zai karɓa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yanzu sai maganar addini, wadda ita ce babba, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Gaskiya ne hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan masu yin surar abu mai rai. Amma malamai sun yi bayani filla filla. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta kakanninmu su ka tashi, masu sharhin Muhtasar sun kawo maganar a babin walima, su ka bambanta: abin da ya haramta shi ne surar mutum ko dabba mai jiki, wadda ke da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, irin gunki ke nan. Wadda aka zana a takarda ko a yadi, ba ta da inuwa, ba su kai ta ga haram ba, iyakarta karhanci. Waɗansu malamai na waɗansu mazhabobi sun fi tsanantawa, sun hana duka biyu. Wannan saɓani ne na manya, mu ba mu isa mu raba shi a takarda irin wannan ba, ko wane uba ya bi malaminsa. Amma akwai fili mai faɗi inda ba a yi saɓani ba ko kaɗan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya gargaɗe shi a kan masu rai, sa'an nan ya nuna masa ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Ashe ke nan itace da fure da gida da jirgi da mota da taswira da baƙaƙen Larabci da adon zayyana duk a buɗe su ke. Wannan fili kuwa ya ishi yaro shekara goma bai ƙure shi ba. A nan mu ke roƙon a tsaya, domin kada a bar ɗan kowa a baya.

Ina amfaninsa ga yaro? Na farko, shi ne share fagen rubutu. Likitocin yara sun daɗe da lura da matakan da hannun yaro ke bi. Ɗan shekara biyu sai kwasar-karan-mahaukaciya a takarda. Wajen shekara uku ya iya kwaikwayon da'ira. Wajen huɗu ya gicciya layi biyu, daga nan ya kama murabba'i. Wajen biyar ya yi alwatika. To, mene ne baƙi in ba waɗannan ba? Alif layi ne a tsaye, ba kwale-kwale ne da ɗigo a ƙasa, mim da wau da'ira ce da wutsiya. Haka na boko. Yaron da ya yi shekara biyu ya na jan layi da da'ira a ƙasa, ran da aka ba shi alƙalami ba zai kama shi kamar taɓarya ba. Malaman allo da kansu su ne shaida, sun san wahalar da su ke sha da yaron da hannunsa ya ƙage.

Na biyu, zane na koya wa yaro duba abu. Ka ce da yaro ya zana buta, zai fara da wadda ke cikin kansa. Ka ajiye masa butar a gabansa, ka ce ya sake dubawa, sai ya ga ashe bakinta ya fi ƙasa da murfi, ashe gindinta ya fi wuyanta faɗi. Wannan duba na biyu shi ne tushen ko wane ilmi. Da shi ɗalibin kimiyya ke zana ganye da sassan fure, da shi makaniki ke gane inda inji ya tsage, da shi mai hadda ke rarrabe ayoyi masu kama da juna.

Na uku, maganar jarrabawa. Tun 1987 aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilmi ta Ghana, kuma makarantunmu da yawa sun shiga, su na bin manhajar Gwamnati. Manhajar firamare da aka fara aiki da ita a 2019 ta sa zane da ayyukan fasaha cikin darussa. A 2024 kuma, a jarrabawar BECE, aka fara jarraba yara a kan fasaha da ƙira, a shekarar nan kuwa aka shigar da Larabci. Mun yi murna da Larabci, mun kuwa cancanci murna. Amma ɗayan fa? Ɗanka zai zauna a ɗaki guda da ɗan da ya ke riƙe da fensir mai launi tun ya na shekara uku, a ba su takarda iri ɗaya, makin kuma ya shiga lissafin makarantar sakandaren da za a tura shi. In an bar shi a baya, kada mu ce an yi mana bambanci.

Na huɗu, abinci. Ku zaga Magazin na Suwame, inda samarinmu da yawa ke koyon aiki. Mai walda da zai yi ƙofar ƙarfe, sai ya fara zana ta da alli a ƙasa. Kafinta sai ya zana kujera kafin ya taɓa zarto. Tela mai yanka ya fi tela mai ɗinki daraja, yanka kuwa zane ne. Magini da ya iya karanta taswirar gini shi ke zama shugaban aiki, wanda bai iya ba ya tsufa ya na ɗaukar bulo. Ko injin nan mai kwamfuta da ya karɓe aikin riga, ai ba ya ƙago komai, sai abin da mutum ya zana ya ɗura masa. Tambaya ita ce, mutumin nan namu ne ko na wasu?

Kada kuma a ce mai zane ba ya zama mutum. Tutar da aka ɗaga ran 6 ga Maris, 1957, ja da ruwan zinariya da kore da baƙin tauraro, wata malamar makaranta ce ta zana ta, Theodosia Okoh, wadda ta koyi zane a Achimota. Tambarin ƙasa Amon Kotei ya zana shi. Takobin mulki da kujerar shugaban ƙasa aikin Kofi Antubam ne. A zamaninmu ga Ibrahim Mahama na Tamale, mai fasahar, ba attajirin ba. An haife shi a 1987, ya yi karatu a jami'ar nan ta Kumasi, ya ɗauki tsofaffin buhunan koko da na gawayi ya ɗinke su ya lulluɓe manyan gine-gine da su, har sunansa ya kai ko'ina a duniya. Da ya samu, sai ya koma gida ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya kuma sayo tsofaffin jiragen sama ya mai da su ɗakunan koyar da yara. A Nima ta Ankara ga Moh Awudu, ɗan Zango kamar 'ya'yanmu, ana kiransa ƙasashe ya yi zanen bango. Wanda ya fi kama da mu kuwa shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin addini. Daga allo da tawada da baƙaƙen Larabci ya ɗauko hannunsa, a 2013 kuwa babban gidan nunin zane na Tate Modern a Landan ya baje aikin rayuwarsa duka. Abin da ya kai shi can, irinsa na jingine a zauren ko wane malaminmu.

Mun san za a ce ina kuɗi, ina malami, ina lokaci. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Kayan aiki ba sai an je kanti ba. Ga yara ƙanana, ƙasa mai laushi da tsinke sun isa, ko tire da aka zuba wa rairayi. Gawayi na nan a ko wane murhu. Kwalayen da 'yan kasuwa ke zubarwa a Kejetiya, in an buɗe su, allo ne mai kyau, haka bayan tsohuwar kalanda. Launi kuwa, jar ƙasa ta ba da ja, kurkum ya ba da rawaya, bula ta wanki ta ba da shuɗi, ruwan zoɓo ya ba da jan garura, a ɗiga ɗan ƙaro a ciki don ya kama, kamar dai yadda a ke haɗa tawada. Asawaki da aka tauna bakinsa buroshi ne. Kunun sitacin rogo shi ne abin liƙi. Abu biyu kaɗai mu ke gargaɗi a kansu: kada a fasa batir a ba yara baƙin cikinsa, kada kuma a ba su ragowar fentin mota ko na gida, domin akwai guba a ciki, yaro kuwa hannunsa ba ya nisa da bakinsa. Reza da wuƙa su tsaya a hannun babba.

Darasi kuma a bi shekaru. 'Yan uku zuwa biyar a bar su su yi ta ja, layi da da'ira da ɗigo, su dangwala tafin hannu a launi su buga a kwali, su mulmula yumɓu su yi tukunya da akushi. 'Yan shida zuwa takwas a yanka musu rogo ko dankali, babba ya sassaƙa siffa a fuskar, su riƙa tsomawa a launi su na bugawa jere jere, a nan za su gane yadda ado ke maimaita kansa. A nuna musu shuɗi da rawaya in sun haɗu su na haifar kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemo, ku ga yadda ido zai buɗe. A ninke takarda huɗu, a yanke gefe da almakashi, a buɗe, su ga dama ta yi daidai da hagu. Daga shekara tara sai a shiga zayyana sosai. Ƙusa da zare da fensir sun isa a yi da'ira. Tsawon zaren nan da aka yi da'irar da shi, in aka taka shi a bakinta, sau shida cif zai zagaye ta, daga nan sai fure mai kunne shida ya fito. Murabba'i biyu, a ɗora ɗaya bisa ɗaya a karkace, sai ga tauraro mai tsini takwas. Yaro na ganin wasa ya ke yi, alhali lissafi ya ke sha. A sa su kuma su zana taswirar hanya daga gidansu zuwa masallaci, da motar da su ke so su ƙera da gwangwani kafin su ƙera ta.

Malami kuwa ba sai mai takardar shaida ba. Ko wace unguwa na da tela, da mai rubuta allon kanti, da mai lalle, da tsohon da ya taɓa zayyana. A roƙe su sa'a guda a wata, su yi karɓa-karɓa. Muna da ɗalibai a jami'a da kwalejojin horon malamai, in sun zo hutu su ba da nasu. Sharaɗi uku kawai za a gindaya wa mai koyarwa. Kada ya shiga da bulala. Kada ya karɓe fensir daga hannun yaro ya gyara masa, sai dai ya nuna a tasa takardar. Kada ya yi wa aikin yaro dariya, ya dai tambaye shi, "Me ka zana nan? Ba ni labari." Wajen shekara tara zuwa goma ne yara su kan fara jin kunyar aikinsu, kalma guda ta ba'a a lokacin nan ta isa ta rufe ƙofar har abada. 'Yan mata kuma a ba su wuri daidai da maza, kada a ce su je su ɗauko ruwan wanke buroshi, maza na zane.

Lokaci kuwa, ga Alhamis da la'asar, ranar da allo ke hutawa. Ba a taɓa karatu ba, ba a taɓa salla ba, an kuma rage sa'a guda daga cikin waɗanda yara ke kashewa a kan wayar iyayensu ko a bakin kwata.

Saboda haka mu na kira ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin makarantu, su sa maganar nan a zamansu na gaba. Kada a jira taimako daga Ankara ko daga waje, abin bai kai nan ba. Makaranta guda ta fara, ta gwada wata uku. Ranar saukar karatu mai zuwa a ɗaura igiya a farfajiya, a rataye aikin yara, iyaye su zo su gani, gani ya kori ji. Muradinmu kuma shi ne, nan da 'yan shekaru, allon da mai sauka zai riƙe ya zama wani ɗan makarantar ne ya zayyana shi, ba sayowa aka yi ba.

Ku kuma iyaye mata, aikin a hannunku ya ke farawa. Gobe in kin kama ɗanki da gawayi a gindin bango, ki hana shi bangon, sa'an nan ki yago masa kwali ki ba shi, ki ce ya zana miki gidan nan da ku ke ciki. In ya gama ki liƙa a ɗaki inda baƙi za su gani. Laka ce ɗanya a hannunki, ba kuwa za ta daɗe a haka ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a hannuwansu, amin. Wassalam.